Ba Laifin Iddi Ba Ne

Ku ukun nan kun tashi da labari guda game da ƙafar mahaifiyarku, kuma ni na ba ku shi. Abin da kuka sani shi ne mun je hutu wani tsibiri, muka hau baburan nan masu ƙafa huɗu, ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi ya yi ganganci, ta faɗi ta karya ƙugu. Kabiru, na sha jin kana ba abokanka labarin da Turanci a falon nan namu na Catford, har kana cewa da za ka ga mutumin da ya gane kurensa. Nafisa, ke ma haka kika faɗa wa mijinki, ina zaune. Sadiya kuwa ba ta ma san Umma da wata tafiya ba sai ta ɗingishi. Na yi kwanaki ina kewaya wannan shekara a rubutun nan, in ɗauki biro in ajiye. To, abin ba haka ya faru ba, kuma gara ku ji daga gare ni tun ina da sauran numfashi.

A lokacin, tsakiyar shekarun casa'in ke nan, bas nake tuƙawa, irin mai bene. Karatu ya kawo ni London tun farkon shekarun tamanin, karatun ya ƙi, na kama sitiyari. Ban taɓa ko gogar jikin wata mota ba, kuma duk wanda ya zauna da ni na rabin awa sai ya ji haka daga bakina. Ba ni da digiri irin na 'yan'uwan mahaifiyarku, sai na riƙe wannan ya zama nawa abin tinƙaho. Wanda na fi so ya ji shi ne Yaya Mansur, babban wanta, likita, da ke zaune a unguwar Barking. Bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba. Amma in muka je gidansa sai ya miƙo mini hannu ya ce, yaya hanya, direba, ni kuma in ji kamar an tuna mini cewa ƙanwarsa ta fi ƙarfina. Ko haka yake nufi ko ba haka ba, Allah ne masani. Ni dai haka nake ji. Mahaifiyarku kuwa ungozoma ce a asibiti, tana wuni a tsaye, ta dawo ta ɗora tukunya ba tare da ta ko zauna ba.

Duk hutun da muka taɓa samu Kano muke kai shi, kuma kun san zuwa gida ba hutu ba ne, daga gaisuwar mutuwa sai barkar haihuwa, a dawo a fi tafiya gajiya. Wata rana ta shigo da wata takardar talla da abokiyar aikinta ta ba ta, ta ce ita dai sau ɗaya a rayuwarta tana son ta je inda babu wanda ya san ta, babu mai cewa ta zo ta duba masa mara lafiya. Na yi mata dariya, amma bayan sati biyu na je na biya kuɗin tafiyar. Muka kai ku Barking, muka hau jirgi zuwa Lanzarote, wani tsibirin ƙasar Sifen.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Duwatsu ne da suka yi aman wuta tun zamanin da, abin da suka amayar ya daskare ya rufe ko'ina, baƙi ƙirin, babu itace, babu ciyawa, sai fararen gidaje nan da can, sai teku tana dukan gaɓa. Mahaifiyarku ta leƙa ta tagar mota ta ce kamar an yi wa gona toyi aka manta ba a dawo ba. A rana ta uku muka ga allon wani kamfani da ke zagayawa da baƙi a kan babura masu ƙafa huɗu ta bakin teku. Ita ta fara cewa mu je. Na ce ina ke ina babur da girmanki, ta ce ai shi ya sa ta zo inda ba a san ta ba.

Muna tsaye a farfajiyar kamfanin tana kokawa da hular kwano a kan ɗankwalinta, muna musu da Hausa, sai muka ji an ce mana sannunku da zuwa, mutanen arewa. Muka waiga. Wani dogon mutum ne, baƙi, zai yi shekara talatin da biyar, da rigar kamfanin a jikinsa. Shi ne ɗan jagoranmu. Sunansa Iddi, mutumin zangon Kumasi ne, Hausarsa irin tasu ta Gana wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce shekararsa huɗu a wurin bai taɓa samun baƙon da zai yi Hausa da shi ba. Cikin minti goma mun san cewa matarsa da 'ya'yansa biyu suna gida, mai kamfanin ne yake tsaya masa a kan takardun zama, kuma yana da yaya mace a Edmonton, wata unguwa a nan London, Hajiya Memuna. Ya rubuta adireshinta a bayan wata takarda ya ba mahaifiyarku, ya ce in mun koma mu kai mata gaisuwa.

Kafin mu tashi ya tara mu, babura shida, ya yi bayani da Turanci, sannan ya zo ya maimaita mana da Hausa. Layi ɗaya za a bi, shi a gaba. Kada kowa ya wuce na gabansa. In an zo kwana a saki abin ba da wuta, musamman mu da muke biyu a kan babur ɗaya, domin nauyi yana iya rinjayarsa. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni bas mai bene nake tuƙawa a tsakiyar London. Ya yi dariya.

"Alhaji, bas yana da hankali. Wannan kuwa ba shi da shi."

Sa'a guda ta farko, ban san ko na taɓa jin daɗin da ya kai ta ba a aurenmu. Teku a hagunmu, baƙin dutse a dama, iska tana kaɗa mu, mahaifiyarku ta riƙe ni tana dariya irin wadda rabon da in ji tun kafin a haifi Nafisa. Amma a gabanmu akwai wani tsohon Bature da ke tafiya kamar mai rakiyar gawa, yana tayar mana da ƙura. Tun ina haƙuri har na fara matse shi. Ta lura. Ta sa baki kusa da kunnena ta ce, Malam, bar shi, ba sauri muke ba. Na ji ta sarai. Na hango wuri na ga kamar zai ishe ni, na danna wuta na fita daga layi, ashe kwana ce a gaba. Ƙafar babur ta hau dutse, ya ɗaga gefe guda, ya kife. Ni na faɗa kan rairayi, ko ƙwarzane ban yi ba. Ita ta faɗa kan dutse, babur ɗin ya bi ta.

Iddi ne ya ɗaga shi daga kanta, ni ina tsaye ina kallo. Shi ya kira motar asibiti da rediyon hannunsa, ya hana kowa motsa ta, ya cire rigarsa ya kare mata rana, yana ta faɗa mata ta yi salati. Ya bi mu asibiti don ba ma jin Sifaniyanci. Kwana tara da muka yi a can, kullum in ya tashi aiki sai ya zo da shinkafa da wake da ya dafa da hannunsa, saboda ya ga ta kasa cin abincin asibitin. Bai taɓa tambaya ta yadda aka yi ba.

Washegarin haɗarin na tsaya a wayar da ke barandar asibiti na kira Barking. Yaya Mansur ya saurare ni har na gama, ya yi tambayoyinsa na likita a kan ƙashin da ya karye.

"Kai kake tuƙi?"

"Ni ne, Yaya."

"To yaya aka yi?"

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, amma ta fito kamar na kwana ina bitar ta. Na ce ɗan jagoran ne ya bi da mu wata muguwar hanya, ya yi ta gudu ya bar mu a baya, bai gargaɗe mu cewa akwai kwana ba. Na ce ina ƙoƙarin cim masa ne abin ya faru. Na ajiye waya na koma ɗaki, na tarar Iddi ya kawo abinci yana zuba mata.

Da muka dawo London aka sake yi mata aiki, aka sa ƙarfe. Ba ta iya hawa bene, sai muka sauko da gado falo. Kun tuna yadda gidan ya zama a watannin nan. Kullum da baƙi, 'yan Kano da 'yan Zariya da matan masallaci, kowa da kular abinci, kowa kuma sai ya tambayi yadda aka yi. Ni nake ba da amsa. Duk sanda na maimaita sai labarin ya ƙara ƙiba, har ya kai ga ina cewa mutumin ko waiwaye bai yi ba. Mata su yi salati, maza su ce ai haka suke, ba ruwansu da ran mutum. Mahaifiyarku tana kwance tana ji, sai ta juya fuska bango. Na ɗauka ciwo ne. Ko dai in faɗi gaskiya, na ga dama ne na ɗauka ciwo ne.

Wata Lahadi Yaya Mansur ya zo da wasiƙa da ya buga da kansa, shafi biyu, da Turancin da in ya sauka a kan tebur sai an miƙe. Zuwa ga mai kamfanin ce, tana bayanin abin da na faɗa, tana cewa bai kamata a sake damƙa ran mutane a hannun wannan ɗan jagora ba. Ya ce ba don kansa ya yi ba, don kada a nakasa ƙanwar wani gobe. Abin da ya rage kawai sa hannuna, tunda ni ne shaida. Ya miƙo mini biro. Ku ukun kuna zaune a ƙasa kuna kallo na. Daga kan gado mahaifiyarku ta yi magana, a hankali, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Malam, ka karanta da kyau kafin ka sa hannu."

Na karanta. Na san kowane layi ƙarya ne. Na kuma san cewa in na buɗe baki, a gaban Yaya da gabanku, zan zama direban da ya karya matarsa saboda gaggawa, sannan ya ɗora wa wanda ya cece ta. Na ce a raina wasiƙa ce kawai, za su jefa ta kwandon shara. Na sa hannu. Bayan wata guda amsa ta zo: suna ba da haƙuri, kuma sun sallami ɗan jagoran. Yaya ya karanta mana a falo, ya ce alhamdu lillahi.

Mahaifiyarku ba ta koma ɗakin haihuwa ba. Ƙugun ba ya ɗaukar tsayuwar wuni, sai aka mai da ita ofis tana amsa waya tana ba mata ranar zuwa awo. Macen da ta karɓi haihuwa shekara goma sha biyar ta koma tana jin kukan jarirai ta bayan bango. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Abincina bai taɓa makara ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai in na fara ba wani labarin, takan ɗauki sandarta ta fita kicin, kuma in na dawo aiki da hirar fasinjoji, wadda da take sa ta dariya, sai ta ce Allah ya kyauta ta ci gaba da abin da take yi. Gida ɗaya muke, ɗaki ɗaya, amma na san akwai ƙofar da ta rufe.

Sai da shekara ta zagayo. Wata safiya kun tafi makaranta, ina da aikin yamma, na tarar da ita a kicin tana yanka albasa a zaune don ba ta iya daɗewa a tsaye. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ta yafe mini, ni na jawo mata wannan. Ba ta daina yanka ba.

"Ƙafata na yafe maka tun muna asibitin can. Tsautsayi ne, ni ma na ce mu hau. Amma na Iddi ba nawa ba ne da zan yafe."

Ta ce ta yi shiru ne don ba za ta ƙaryata mijinta a gaban wanta da 'ya'yanta ba, kuma wannan shirun ita ma tana neman gafara a kansa kullum. Sannan ta aike ni in ɗauko jakarta, ta ce in duba aljihun ciki. Takardar nan ce mai adireshin Hajiya Memuna.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Edmonton. Flat ne a gidajen gwamnati, a hawa na shida, ɗinki take yi a falo. Na ce mata na haɗu da ƙanenta a wurin hutu, ya ce in kawo gaisuwa. Ta yi murna har da rangaɗa kabbara, ta zaunar da ni, ta kawo abinci. Ita ta ba ni sauran labarin, ba tare da ta san wanda take ba wa ba. Wasu baƙi ne suka rubuta takarda a kansa, aka kore shi. Da aikin ya tafi, maganar takardun zama ta tafi tare da shi. Ya yi 'yan watanni yana tsinkar tumatir a gonaki, aka kama shi, aka sa shi a jirgi. Yanzu yana Kumasi yana gyaran babura a bakin titi. Ta ce saura kaɗan da ya ɗauko matarsa da yara. Na tambaye ta ko ya faɗi su wane ne baƙin. Ta ce ta tambaye shi har ta gaji, ya ce ta bar wa Allah. Na cinye abincin matar nan, na yi godiya, na karɓi lambar wani kantin magani da ke kusa da rumfarsa, na sauko.

Na rubuta wa kamfanin wasiƙa ni kaɗai, na ce abin da muka aika da farko ba daidai ba ne. Ba a amsa ba. Sai na sayi katin waya na shiga wani akwatin waya kusa da tashar Catford. Mai kantin ya ce in jira, na ji yana ƙwala kira, na ji ƙarar babura. Da Iddi ya ɗauka na faɗi sunana, ya gane ni nan take.

"Alhaji. Yaya ƙafan Hajiya? Ya warke?"

Na ce da sauƙi, tana tafiya da sanda. Ya ce alhamdu lillahi. Na fara kame-kame, ina cewa akwai abin da nake son in yi masa bayani game da ranar. Ya katse ni, ba da faɗa ba.

"Na gan ka a madubi, Alhaji, lokacin da ka fita layi. Maigida kuma ya nuna mini takardan. Na ga sunanka a ƙasa."

Ya ce ya faɗa wa mai kamfanin gaskiya, amma wa zai ɗauki maganarsa ya bar ta likita daga London. Na ce ya yafe mini don Allah. Na ce ko akwai abin da zan aiko masa.

"Ba na son komai. Ka je ka faɗa ma likitan nan gaskiya, shi da ya rubuta. In ka faɗa, ka sake kira na."

Abin da ya nema ke nan, ba ƙari. Na fito daga akwatin wayar da niyyar in tafi Barking a ranar, sai na ce bari sai Lahadi. Ranar Lahadi na tafi ni kaɗai, ina ta shirya maganar a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaya Mansur ya buɗe mini ƙofa da kansa, ya sa aka kawo shayi. Kafin in buɗe baki ya ce yana so ya faɗa mini wani abu da ya daɗe yana ci masa rai. Ya ce ya ga yadda na riƙe ƙanwarsa tun da ta kwanta, yadda nake yi mata wanka, nake ɗaukar ta zuwa mota, na canza lokutan aikina don in kai ta gashin ƙashi. Ya ce da can bai san darajata ba, yanzu ya sani. Ya dafa kafaɗata ya ce, Allah ya yi maka albarka, ƙanena. Shekara goma sha bakwai ina jiran wannan kalma daga bakinsa. Na ce amin, Yaya. Na shanye shayina, muka yi hirar siyasar gida, na koma Catford.

Mahaifiyarku ta dube ni da na shigo, ba ta tambaye ni komai ba. Ta riga ta gani a fuskata.

Daga nan na yi ta cewa sai wani zuwan. Sallah ta zo ta wuce, aka yi bikin 'yarsa, aka yi sunan jikansa, kullum lokacin bai dace ba. Yaya Mansur ya rasu yana ganina da mutuncin da na saya da abincin wani. Ina cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Tunda ban cika sharaɗin ba, ban sake kiran Kumasi ba, ba ni da fuskar kira. Bayan rasuwar mahaifiyarku na gwada lambar, aka ce babu ita. Na koma Edmonton, wasu Turkawa na tarar a flat ɗin, ba su taɓa jin sunan Hajiya Memuna ba.

Ban san ko Iddi yana raye ba. Ban san abin da 'ya'yansa suka zama ba, waɗanda da a Turai za su yi karatu. Mutumin da Iddi ya ce in faɗa wa gaskiya ba ya duniya, sai ku da 'ya'yan Yaya kuka rage cikin waɗanda suka ji ƙaryar. Kabiru, ka kwafi shafukan nan ka kai Barking, ka ba kowa nasa, kada ka cire komai don ka rufa mini asiri. Ummanku ta riga ta rufa mini shekara ashirin da wani abu, kuma na ga abin da hakan ya ci mata.